Isabela ta Fotugal a Fadar Bargandi: Nazarin Matsayin Uwargidan Basarake, 1430 zuwa 1471

A ranar 25 ga Disamba 1429 jirgin ruwan da ya ɗauko Gimbiya Isabela daga Lisbon ya iso tashar Sluis da ke gaɓar Flanders, bayan an shafe fiye da wata biyu ana fama da guguwar teku, wadda ta tarwatsa ayarin jiragen da suka rako ta har sai da ta ratse Ingila ta jira. Shekarunta talatin da biyu a lokacin, kuma a idon gidajen sarautar Turai na wancan zamani, inda ake ɗaura wa yarinya aure tun ba ta mallaki hankalinta ba, ta daɗe ƙwarai a gidan ubanta. Mutumin da ta zo aura shi ne Filib, wanda tarihi ya yi wa laƙabi da Nagari, Diyuk na Bargandi. An ɗaura auren a ranar 7 ga Janairu 1430, kuma daga wannan rana har zuwa rasuwarta a 1471 ta riƙe wani matsayi da babu dokar da ta fayyace iyakarsa, alhali kuwa sulhu da yaƙi da kasuwancin ƙasashe uku sun sha ratayuwa a kansa.

Sarautar diyuk tana ƙasa da ta sarki a muƙami, amma wanda ke riƙe da ita a Bargandi ya fi sarakuna da yawa dukiya da ƙarfin soja. Filib ya gaji ƙasar Bargandi mai hedikwata a Dijon tare da Franche-Comté da ke maƙwabtaka da ita, ya gaji Flanders da Artois a arewa, sannan a hankali ya haɗa da Namur a 1429, da Brabant da Limburg a 1430, da Holland da Zeeland da Hainaut a 1433, da Luxembourg a 1443. Wasu daga cikin waɗannan ƙasashe a ƙarƙashin Sarkin Faransa suke, wasu kuma a ƙarƙashin Sarkin Daular Rum Mai Tsarki, kowace da al'adunta da majalisarta da haƙƙoƙin da take kishi. Abin da ya fi wahala shi ne ƙasashen sun rabu gida biyu, na kudu da na arewa, kuma tsakaninsu akwai tafiyar kwanaki a cikin ƙasar da ba ta Filib ba. Mutum ɗaya ba zai iya zama a Dijon da Brussels a lokaci guda ba, kuma talakawa da attajiran wancan zamani ba su cika yarda da umurnin da ya fito daga bakin ma'aikaci kawai ba. Suna son su ga jinin sarauta a gabansu. Wannan giɓin ne matar diyuk ke cikewa, kuma gidan ya saba da hakan tun kafin zuwan Isabela, domin mahaifiyar Filib, Margaret ta Bavaria, ta riƙe Dijon shekaru masu yawa yayin da mijinta ke can yana fafutukar siyasar Paris.

Filib ya riga ya yi aure sau biyu. Matarsa ta farko, Michelle, 'yar Sarki Charles na Shida na Faransa, ta rasu a 1422, ta biyun kuma, Bonne ta Artois, ta rasu a 1425, kuma babu wadda ta bar masa magaji. A 1428 ya tura jakadu Fotugal ƙarƙashin jagorancin Jean de Roubaix, a cikinsu har da mai zane Jan van Eyck, wanda aka ɗora wa aikin zana hoton gimbiyar domin ango ya ga fuskar da ake yi masa maganarta. Amma abin da ya ja hankalin Bargandi ya wuce fuska. Mahaifin Isabela shi ne Sarki João na Ɗaya, wanda ya kafa gidan sarautar Aviz, mahaifiyarta kuwa Philippa ce, 'yar John na Gaunt, wato jinin gidan Lancaster da ke mulkin Ingila a lokacin. 'Yan'uwanta maza sun haɗa da Duarte wanda ya gaji sarauta, da Pedro na Coimbra, da Henrique wanda ya yi suna wajen tura jiragen ruwa gaɓar yammacin Afirka. Ita kaɗai ce mace da ta rayu a cikinsu, kuma tun rasuwar mahaifiyarta a 1415 ta zama babbar mace a fadar ubanta, mai filaye da kuɗin shiga da ma'aikata a hannunta. Saboda haka amaryar da ta sauka a Sluis ta riga ta san yadda ake duba lissafi da yadda ake zama a majalisa, kuma a ganina wannan shekara goma sha huɗu da ta yi tana koyon mulki a Fotugal ita ce ta bambanta ta da sauran matan sarakunan da aka kawo ƙasar miji suna ƙanana.

An yi shagalin biki a Bruges, kuma a cikin kwanakin bikin ne, ranar 10 ga Janairu 1430, Filib ya kafa ƙungiyar jarumai ta Buzun Zinariya, ya kuma ɗauki wani take da ke nufin ba zai ƙara neman wata ba. A batun aure ya cika wannan alkawari, domin bai sake yin wata matar ba. A batun riƙon amana kuwa bai cika shi ba ko kaɗan, domin 'ya'yan da ya haifa a waje kuma ya amsa cewa nasa ne sun kai aƙalla goma sha takwas, wasunsu a fada suka tashi, kamar Corneille da Antoine da suka zama manyan mayaƙa, da David da ya zama bishop, wato babban limamin coci, na Utrecht. Isabela ta zauna da wannan hali tsawon rayuwar aurenta, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa duk lokacin da ya ji irin hidimar da ta yi wa gidan.

Aikin farko da aka kawo ta dominsa shi ne haihuwar magaji, kuma wannan bai zo da sauƙi ba. Ɗanta na fari, Antoine, an haife shi a ƙarshen 1430, ya rasu a farkon 1432. Na biyu, Josse, ya zo a 1432 ɗin, bai daɗe ba shi ma ya koma. Sai a watan Nuwamba 1433 ta haifi Charles a Dijon, wanda shi kaɗai ya rayu, kuma daga shi ba ta sake haihuwa ba. Duk abin da Filib da ubansa da kakansa suka tara ya koma rataye a wuyan yaro ɗaya, matsayin Isabela a ƙasar da ba tata ba ma ya rataya a kan wannan yaro. Kakar Filib, Margaret ta Flanders, ta shigo gidan ne da ƙasa a hannunta a matsayin magajiya, don haka babu mai iya ture ta. Isabela kuwa gara da dangantaka ta kawo, kuma abin da ke hannunta na filaye, irin su Cassel da dajin Nieppe, mijinta ne ya ba ta.

Uwargidan diyuk tana da nata gida daban da na mijinta, da dokar da aka rubuta wadda ta ƙayyade yawan ma'aikata da albashin kowa. An kasa hidimar gidan kashi shida kamar yadda ake yi a fadar Faransa: masu kula da gurasa da shimfiɗar teburi, masu kula da abin sha, masu dafa abinci, masu kula da kyandir da 'ya'yan itatuwa, masu kula da barga, da masu shirya masauki. Bayan waɗannan akwai magatakarda, da ma'aji, da malaman coci, da likita, da manyan mata da 'yan mata 'ya'yan sarakuna da ke zaune a wurinta suna koyon ladabin fada. Kowace rana ana rubuta sunayen waɗanda suka yi aiki da abin da aka kashe, kuma daga irin waɗannan takardu ne masana suka san inda ta kwana da wanda ta karɓa. Fadar ba ta zama wuri ɗaya, yau tana Brussels, gobe Lille ko Bruges ko Ghent ko Hesdin, wani lokaci gidan miji da na mata su haɗu, wani lokaci su rabu na watanni. Wanda ya samu wuri a gidan uwargida ya samu hanyar kai kuka ga diyuk, kuma iyayen da suka ba ta 'yarsu sun san cewa ita za ta nema mata miji. Ta wannan hanya ta ɗaure manyan gidajen ƙasashen da ba su da wata alaƙa da juna sai sunan Filib.

Tun a 1432, da Filib ya tafi kudu, ya bar mata riƙon ƙasashen arewa da takarda mai hatiminsa, kuma ya sake yin haka a farkon shekarun 1440. A Dijon ta yi aiki tare da waziri Nicolas Rolin, wanda ya riƙe wannan muƙami tun 1422, shi ne kuma ya gina asibitin Beaune a 1443. Daga ƙarshen shekarun 1430 hannunta ya shiga harkar kuɗi sosai. Tana zama da wakilan birane a kan harajin da diyuk ke nema, wanda ba ya samuwa sai da yardarsu, tana neman rance, tana bin diddigin masu karɓar kuɗi. Filib mutum ne mai son farauta da wasan doki da biki, ba ya jure zaman lissafi, don haka wannan rabon aiki ya yi masa daidai. A 1444 ita ya tura Holland lokacin da ɓangarori biyu da suka daɗe ba sa ga maciji da juna suka sake tayar da fitina a biranen ƙasar. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da izini aka ba ta shi, kuma wanda ya ba da izini yana iya janye shi ranar da ya ga dama.

Marubuciya Christine de Pizan, a littafin nasiha ga mata da ta rubuta a 1405 ta kuma sadaukar ga yayar Filib, ta bayyana cewa aikin gimbiya tagari shi ne ta zama mai shiga tsakanin mijinta da manyan ƙasa da talakawa, ta sanyaya fushi kafin ya kai ga zubar da jini. Isabela ta ɗanɗana haɗarin wannan aiki a Bruges a 1436. Birnin ya yi bore bayan rundunar Flanders ta dawo daga Calais, tashar jiragen ruwa da ke hannun Ingila, ba tare da nasara ba, an kashe wakilin diyuk, kuma lokacin da take ƙoƙarin fita da ɗanta mai ƙasa da shekara uku, taron jama'a ya tare keken dokinta a bakin ƙofa, aka fizge wasu daga cikin matan da ke tare da ita. A watan Mayu 1437 Filib da kansa ya sha da ƙyar a cikin birnin, aka kashe babban kwamandansa Jean de Villiers. Duk da wannan wulaƙanci, tana cikin waɗanda suka shiga tsakani har aka daidaita a 1438, kodayake hukuncin ya yi tsanani: tara mai nauyi, da kisan wasu jagororin bore, da toshe ƙofar da aka yi artabun a bakinta. Roƙon uwargida yana ba basarake damar sassautawa ba tare da an ce tsoro ya ji ba, kuma kowa a fada ya san amfanin wannan.

Inda wannan amfani ya fi fitowa fili shi ne hulɗa da Ingila. An kashe mahaifin Filib a kan gadar Montereau a ranar 10 ga Satumba 1419, a gaban yarima mai jiran gado wanda daga baya ya zama Sarki Charles na Bakwai, kuma wannan kisa ne ya tura Bargandi ƙawance da Ingila na shekara goma sha biyar. A taron Arras na 1435, wanda Isabela ta halarta, Filib ya sauya sheƙa ya shirya da Faransa. Turawan Ingila suka ɗauki wannan a matsayin cin amana, aka far wa 'yan kasuwar Flanders a Landan, Filib ya yi wa Calais ƙawanya a 1436 ya kasa cin ta, Humphrey na Gloucester, baffan Sarkin Ingila, kuma ya biyo baya ya ƙona ƙauyukan Flanders. Matsalar ita ce masaƙun Ghent da Bruges da Ypres da ulun Ingila suke aiki, kuma ulun ta Calais yake shigowa. Da hanya ta toshe, masaƙa suka zauna babu aiki, kuma birnin da masaƙansa ke jin yunwa bai da nisa da bore.

Filib ba shi da fuskar da zai nemi sulhu da mutanen da ke kiransa mai karya rantsuwa, su ma ba za su zauna da shi ba. Amma babban mai faɗa a ji a majalisar Ingila a lokacin shi ne Kadinal Henry Beaufort, babban malamin coci kuma ɗan John na Gaunt, wato kawun Isabela, uba ɗaya da mahaifiyarta. Kawu zai iya ganawa da 'yar 'yar'uwarsa ba tare da kowa ya ce an zubar da girman ƙasa ba. A 1439 suka yi ta zama a wani fili tsakanin Calais da Gravelines inda aka kafa tantuna, tare da wakilan Faransa ƙarƙashin Regnault de Chartres, babban limamin cocin Reims. Isabela ta kawo shawarar a yi doguwar tsagaita wuta, a cikinta Sarkin Ingila ya jingine kiran kansa Sarkin Faransa ba tare da ya yafe da'awarsa ba. Landan ta ƙi amincewa, babban sulhun ya rushe. Amma abin da Flanders ke buƙata ya samu, domin a watan Satumba na shekarar aka sa hannu a yarjejeniyar ciniki tsakanin Ingila da Flanders da Brabant, aka kuma ci gaba da sabunta ta. Mai duba wannan taro da ma'aunin kawo ƙarshen yaƙin Ingila da Faransa zai ce an yi asara. Ni kuwa ina ganin ta san tun farko wanne ne za a iya samu, kuma ta dawo gida da shi.

Daga wannan zama ne kuma aka kammala batun sakin Charles na Orléans, wanda aka kama a yaƙin Agincourt a 1415 ya shafe shekara ashirin da biyar a tsare a Ingila. Mahaifin Filib ne ya sa aka kashe mahaifin wannan fursuna a Paris a 1407, kuma daga nan ne gabar da ta raba Faransa gida biyu ta samo asali. Isabela ta yi ta kai gwauro tana kai mari wajen tara kuɗin fansarsa daga manyan Faransa, ita ce kuma ta tarbe shi a Gravelines a watan Nuwamba 1440. A cikin watan aka aura masa Marie ta Cleves, 'yar 'yar'uwar Filib, a Saint-Omer. Gabar jini ta shekara talatin da uku ta ƙare da aure, kuma ɗan da aka haifa a wannan aure shi ne ya zama Sarki Louis na Goma Sha Biyu.

Da Faransa kuwa lamarin ya fi sarƙaƙiya. Yarjejeniyar Arras ta ɗauke wa Filib wajibcin yin caffa ga Charles na Bakwai muddin ransa, domin ba zai durƙusa wa wanda yake zargi da jinin ubansa ba, kuma ya guji haɗuwa da shi ido da ido. Amma ƙorafe-ƙorafe ba su ƙare ba: sojojin haya da suka rasa aiki suna wawashe iyakokin Bargandi, kotun Paris tana karɓar ƙara daga talakawan Flanders, ga kuma batun bashin fansar René na Anjou, wanda mutanen Bargandi suka kama a 1431, shi kuwa ɗan'uwan Sarauniya Marie ne, matar Sarkin Faransa. Wani dole ya je gaban sarki, kuma duk wanda ya je dole ya durƙusa. Isabela ta je Laon a 1441, ta kuma je Châlons a 1445 inda ta zauna makonni.

Muna da bayanin ziyarar Châlons daga wata mata mai suna Aliénor de Poitiers, wadda mahaifiyarta Isabel de Sousa ta zo daga Fotugal tare da gimbiyar, ita kuma ta tashi a fadar ta rubuta littafi a kan ladubbanta. Ta bayyana yadda Isabela, da ta iso ƙofar ɗakin sarauniya, ta karɓi jelar rigarta daga hannun mai riƙe mata ita, domin ba a riƙe wa kowa jela a gaban wanda ya fi shi, sannan ta durƙusa sau uku kafin ta kai ga sarauniya. Aliénor ta rubuta irin waɗannan ƙa'idoji da dama, har da yawan matakalar kantar da ake jera kwanonin zinariya da azurfa a ɗakin mai jego, inda sarauniya ke da biyar, matar magajin Bargandi kuwa huɗu. Mai karatu na yau zai iya ɗaukar wannan a matsayin wasan masu hali, amma a wancan zamani da waɗannan alamomi ake faɗin wane ne sama da wane, kuma mataki ɗaya da aka ƙara ko aka rage yana iya zama da'awar sarauta ko amincewa da bauta. Durƙuson Isabela ya biya sarki haƙƙinsa na girma, ya kuma bar gwiwar Filib ba ta taɓa ƙasa ba. Olivier de la Marche, wanda ya yi hidima a fadar Bargandi, ya rubuta cewa sarauniya da uwargidan diyuk sun shaƙu a wannan zama saboda ciwo ɗaya ke damunsu, domin a lokacin hankalin sarki yana wurin farkarsa Agnès Sorel. A teburin shawara dai ba ta samu rangwame ba. Ta yafe sauran kuɗin fansar René domin sojojin Faransa su janye daga Montbéliard, wanda farashi ne mai tsada, amma ya hana yaƙin da wasu mashawartan sarki ke so.

Aurarraki ma suna cikin hannunta. Mary ta Guelders, wadda ta tashi a gidanta, ta auri Sarki James na Biyu na Scotland a 1449. A wannan shekara aka kashe ɗan'uwanta Pedro a yaƙin Alfarrobeira, 'ya'yansa uku suka gudo wurinta, ta riƙe su riƙon uwa: Beatriz ta auri Adolf na Cleves, João ya auri magajiyar sarautar Cyprus, Jaime kuma ya zama kadinal, da ya rasu yana matashi a Florence a 1459 ta ba da kuɗi aka gina masa ɗakin kabari a cocin San Miniato. Ba ta taɓa daina zama 'yar Fotugal ba, kuma 'yan kasuwar ƙasarta da ke Bruges sun amfana da hakan.

Abin mamaki shi ne a kan auren ɗanta tilo ne aka nuna mata iyakarta. Matar Charles ta farko, Catherine 'yar Sarkin Faransa, wadda aka kawo tana yarinya, ta rasu a 1446. Isabela ta so a nemo masa mata daga Ingila, daga gidan York. Filib da 'yan gidan Croÿ, waɗanda suka zama na hannun damansa kuma suka karkata ga Faransa, suka zaɓi Isabela ta Bourbon, aka ɗaura auren cikin gaggawa a Lille a watan Oktoba 1454. Daga nan fada ta rabu biyu, Croÿ a gefe ɗaya tare da diyuk, waziri Rolin da Charles da mahaifiyarsa a ɗaya gefen.

Ɓarakar ta fashe a ranar 17 ga Janairu 1457 a ɗakin ibada na fadar Brussels. Filib ya umurci Charles ya ba wani ɗan gidan Croÿ muƙami a gidansa, Charles kuma yana son ɗan waziri Rolin, ya ƙi bin umurnin a gaban ubansa. Kamar yadda Georges Chastellain, marubucin tarihin fadar, ya ruwaito, Filib ya karɓi takardar tsarin gidan ɗansa ya jefa a wuta, ya kore shi, fushinsa ya kai inda Isabela ta ji tsoron abin da zai iya faruwa, ta tura ɗanta waje ta bi bayansa. Da dare Filib ya hau doki shi kaɗai ya fita, ya ɓata a dajin Soignes cikin sanyi da ruwa, sai washegari aka gano inda yake. An shirya uba da ɗa bayan 'yan kwanaki, da sa bakin yarima Louis na Faransa wanda ke gudun hijira a Bargandi a lokacin, amma Filib ya riƙe matarsa a zuci saboda ta bar shi ta bi ɗanta. La Marche ya kawo uzurin da ta bayar, cewa ta san zafin zuciyar mijinta, ta ji tsoron kada ya afka wa yaron, kuma ita baƙuwa ce a ƙasar, ba ta da madogara sai ɗanta. Wannan magana ta fito ne daga bakin matar da ta shafe shekara ashirin da bakwai tana riƙe ƙasa da baitulmali da teburin sulhu a madadin mijinta, kuma ban ga dalilin shakkar gaskiyarta ba. Duk aikinta na shiga tsakani ne, kuma ranar da rigimar ta zama tsakanin miji da ɗa, babu tsakiyar da za ta tsaya.

A cikin wannan shekara ta bar fada ta koma gidanta na La Motte-au-Bois a dajin Nieppe. Ba a sake ta ba, ba a kuma kore ta ba. Ta daɗe tana da sha'awar ibada da taimakon gidajen addini, musamman matan da ke bin tafarkin Francis na Assisi suna jinyar marasa lafiya, kuma a can ta buɗe wurin kula da tsofaffi da majinyata, ba tare da ta ɗauki alkawarin zuhudu ba. Masu cewa ibada ce ta kai ta da masu cewa siyasa ce ta fitar da ita duk suna da hujja, domin Rolin ma a wannan lokaci ne tauraruwarsa ta dushe, kuma keɓewa domin ibada ita ce hanya ɗaya da mace mai irin matsayinta za ta iya janyewa da mutuncinta. Da Filib ya kwanta ciwo mai tsanani a 1458 da kuma 1462, ta dawo ta yi jinyarsa.

Filib ya rasu a Bruges ranar 15 ga Yuni 1467, Charles ya hau gadon sarauta. Matarsa ta biyu ta riga ta rasu a 1465, ta bar masa 'ya ɗaya, Mary, don haka batun auren Ingila ya sake tasowa, kuma Charles ya miƙa wa mahaifiyarsa, wadda ta kai shekara saba'in, jagorancin tattaunawar. Jinin Lancaster ce, amma gidan York ne ke kan karagar Ingila, kuma ta bi abin da zai amfani Bargandi a gaban barazanar Louis na Goma Sha Ɗaya, wato yariman nan da ya riga ya zama Sarkin Faransa. Ta tarbi Margaret, ƙanwar Sarki Edward na Huɗu, a Sluis, aka ɗaura auren a Damme ranar 3 ga Yuli 1468. A 1471, bayan mutuwar Henry na Shida, sarkin Ingila na ƙarshe daga gidan Lancaster, ta miƙa wa ɗanta duk wani haƙƙin da take da shi a sarautar Ingila ta wajen mahaifiyarta. Ta rasu a Aire-sur-la-Lys ranar 17 ga Disamba na wannan shekara, daga baya Charles ya ɗauke gawarta da ta mahaifinsa zuwa maƙabartar gidan a Champmol kusa da Dijon.

Surukar da ta zaɓa ta gaji aikin a yanayi mafi muni. An kashe Charles a bakin Nancy a watan Janairu 1477, sojojin Faransa suka mamaye Dijon da Artois, biranen Flanders suka tayar da kai. Margaret ta York, wadda ba ta haihu ba, ta tsaya wa 'yar mijinta Mary, ta nemi taimakon Ingila, ta kuma goyi bayan auren Mary da Maximilian na gidan Habsburg, wanda aka ɗaura a Ghent a watan Agusta 1477, kuma ta wannan aure ne ƙasashen arewa na Bargandi suka shiga hannun gidan Habsburg.